Turmin da Yaya Ya Huda

Ni ba na son kiɗan mota. Na faɗa tun yanzu don kada wani ya ɗauka mai sha'awar abin ce take ba da labari. Mota ta wuce ƙofar gida tana dum-dum, kwanuka suna rawa a ɗaki, jariri ya farka a firgice, wai shi direba daɗi yake ji. Amma duk ƙin da nake yi wa abin, babu abin da ban sani ba game da akwatin da ake saka babbar sifikar nan a ciki, wadda suke kira wufa. Ba a son raina na koya ba. Yayana ne ya ɗura mini shi a kunne, ina so ba na so, kuma shi ne yau ba mu san inda yake ba.

Mu biyu ne muka rayu a wurin Inna, shi ne na fari, ni ce ta ƙarshe, na tsakiya duk sun koma tun suna jarirai. Mahaifinmu ya daɗe da rasuwa. A lokacin da nake magana aurena ya mutu, na dawo gidanmu na Sabon Gari a nan Wudil, na kafa keken ɗinkina a rumfar tsakar gida. Yaya da matarsa da 'ya'yansu biyu suna ɓangaren gabas. Sana'arsa tuƙi, ƙaramar motar haya yake ja tsakanin Wudil da Kano, ranar Juma'a kuma idan kasuwa ta ci, fataken shanu su ɗauke shi shata.

Mutum ne mai sanyi, ba ya shan taba, ba ya zaman majalisa. Ciwonsa ɗaya ne, sauti. Kuma don neman magana, bai ga wurin da zai yi aikin akwatunansa ba sai gefen kekena. Ina ɗinkin atamfar mutane, garin katako yana sauka a kai.

"Yaya, don Allah duk faɗin gidan nan?"

"Nan ne inuwa, uwar rigima. Riƙe mini nan."

Haka nan zan riƙe, ina tsaki.

Akwatinsa na farko wani kafinta ne a bakin tasha ya haɗa masa, mai kusurwa huɗu, tsawo da faɗi da zurfi duk ɗaya, da falanki marar kauri. Ranar da ya kunna shi, kajin Inna sai da suka watse. Ni na ɗauka ai shi ke nan, an samu abin da ake so, tunda ƙara ake nema ga ta nan. Sai na ga ya ɓata fuska.

"Kin ji?"

"Na ji mana, kurma ma ya ji."

"Ba gangar kike ji ba. Akwatin ne yake surutu."

Daga nan ya fara yi mini karatun da ban nema ba. Ya ce sifika gaba take tura iska, kuma baya ma tana turawa. Idan aka bar ta tsirara, sautin baya sai ya zagayo ya cinye na gaba, ka ji ta siriri kamar rediyon hannu. Shi ya sa ake kulle bayanta a akwati. To amma abin da aka kulle ba mutuwa yake yi ba, yana ciki yana dukan bango. Idan bangon ba shi da kauri, sai shi ma ya kama rawa yana tasa waƙar. Idan kuma bangayen suna fuskantar juna daidai wa daida, sautin sai ya riƙa kai da komo a tsakaninsu, wuri ɗaya na kiɗan ya kumbura ya danne sauran. Shi ya sa kowace waƙa ka saka, bugu iri ɗaya za ka ji.

Na ce, "Allah ya ba ka lafiya."

Ya yi na biyu da hannunsa, dogo siriri, ya kwanta a but, wurin zuba kaya a bayan mota, daga wannan taya zuwa waccan. Ya ce wannan jan ƙafa yake yi, makaɗi ya buga ya wuce, shi yana baya yana gunaguni. Na uku ya karkata bayansa ya bi jinginar kujera, ya yi shi da katako mai kauri, ya bi kowace gaɓa da gam, ya cusa audugar rimi a ciki. Sai da na zo kwanciya na gane daga matashina ya kwashe audugar. Wannan ya ɗan kwanta masa a rai, bugun yana fita a tsare, ɗaya bayan ɗaya. Kwana kaɗan ya ce cikinsa ya yi ƙanƙanta, sifikar ba ta samun numfashi, magana take yi kamar mai mura.

Akwai ranar da ya shigo da tulu sabo, ya ɗora sifikar a bakinsa, irin yadda samarin ƙauye suke yi a ɗakunansu. Ya ce ga abin da yake nema, ciki a zagaye, babu kusurwa, babu bangon da yake kallon ɗan'uwansa. Ya naɗe tulun da buhu ya saka a but. Bai kai Kano ba. Tudun rage gudu na farko bayan gada, tulu ya tarwatse a cikin tumatirin wata fasinja. Ya dawo yana ba da labarin zagin da ya sha, matarsa tana dariya har da riƙe ciki.

Bayan wannan ne idonsa ya faɗa kan turmin Inna.

Babban turmi ne na ƙirya, irin na surfen biki, da shi aka kawo ta daga Darki. Bakinsa ya ɗan tsage, ta daina daka a ciki, yana kife a bayan rumbu shekara da shekaru. Yaya ya mirgino shi, ya ƙwanƙwasa gefensa da ƙulli, ya saka kansa a ciki ya yi gyaran murya. Da ya ɗago, wallahi fuskarsa kamar ta yaron da aka saya wa keke.

Inna tana zaune a ƙofar ɗakinta tana tsince wake. Ba ta kalle shi ba, ni ta kalla.

"Ke, tambayi mutumin nan, turmin ma kiɗa za a koya masa?"

Ya durƙusa daga inda yake. "Inna, aro nake nema."

"Ki ce masa da tuwon da aka daka a ciki ya yi ƙashi. In ya ga dama ya faskara."

Izinin ke nan, kowa ya gane.

Ya kai shi wurin wani masassaƙi aka ƙara rarake cikin, don sifikar ta samu wurin numfashi. Ya toshe tsagar da gam da garin katako, ya yanko falanki a zagaye ya kafe a bakin, ya ɗaure sifikar a kai. Sannan ya yi abin da ya sa na ce kansa ba daidai yake ba. Bayan duk wahalar toshe ko'ina, sai ya ɗauko abin huda ya huda turmin a gefe, can ƙasa kusa da gindi, ya zura guntun bututun ruwa baƙi a ramin.

"Yanzu kuma fa? Ka toshe, ka huda?"

"Kawo hannunki."

Ya kunna kiɗa, ya kai tafin hannuna bakin bututun. Iska ce take fitowa, fuu, fuu, tare da kowane bugu, da ɗumi-ɗuminta. Na fizge hannuna, ban san dalili ba.

Ya ce, "Rufaffe yana riƙe sauti, ya fito da tsabta, amma a cikin mota yake tsayawa. Idan ka yi masa ƙofa, na cikin ma sai ya fito ya taya na waje. Ƙofar ce take jefa shi nesa."

Ya shafe yammaci da yawa yana rage bututun da zarto, kaɗan-kaɗan, ya yanka ya saurara. Idan ya yi tsawo sautin ya nutse ƙasa har ya ɓace, idan ya gajarta ya taso sama ya koma haushi. Da ya samu inda yake so, ya kwantar da turmin a but, ya tokare shi da guntayen taya. Fasinjoji suna mita ya cinye wurin kaya, ɗaliban jami'a kuma suna barin motar da take kan layi su jira tasa.

Gaskiya ɗaya zan faɗa, abin ya yi daɗi. Na taɓa bin sa Kano sayen zare da safe, ya saka karatun wani malami mai kaurin murya. Ba a kunne na ji shi ba, a bayana na ji shi, ta cikin kujera, kamar mutumin yana zaune a but. Babu karkarwa, babu hayaniya. Ban yaba ba, don kada kansa ya kumbura. A gida kuwa, tun yana kan gada muke sanin ya taho. Sauran motoci dum-dum suke yi, tasa wani ƙugi ne mai laushi da yake biyowa ta ƙasa. Matarsa ta tashi ta ɗora ruwan wanka.

Wata Juma'a da yamma, kasuwa ta watse, wasu mutane suka ɗauke shi shata. 'Yan tasha sun ce baƙi ne, sun yi ciniki lafiya, sun ce gabas za a yi. Ya kira matarsa ya ce kada a jira shi da abinci. Washegari wayarsa a kashe. Bayan kwanaki aka ga motar a gefen hanya, nesa da nan, ƙofofi a rufe, babu jini, babu alamar kokawa, hularsa tana kan kujera. Ba wanda ya kira ya nemi wani abu. An je asibitoci, an je ofisoshin 'yan sanda, an ba da cigiya a rediyo, an yi saukar Alƙur'ani. Shiru.

Aka jawo motar aka ajiye a ƙofar gida, aka lulluɓe da tamfol. Turmin yana ciki yadda ya bar shi.

Wanda bai taɓa samun ɓatan mutum a gidansu ba, ba zai gane ba. Mutuwa ana yi mata wanka, a yi mata salla, mutane su zo su yi gaisuwa su tafi. Wannan kuwa ba ka san me za ka amsa ba. Masu shigowa su ce "ya muka ji da jiran?" wasu su ce "ya haƙuri?" sai su kama bakinsu. Matar Yaya ba bazawara ba, ba mai miji ba. Ta daina kitso, ta daina lalle, kuma ba takaba take yi ba. Duk motar da ta wuce da kiɗa sai ta tsaya cak da abin da yake hannunta, ni ma haka, sannan mu ci gaba ba mu kalli juna ba. Mun san ba ita ba ce, ai tasa ga ta nan a waje tayoyi sun sace. Amma sai mun tsaya.

Damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa. Baffa, ƙanin mahaifinmu, shi ne babba a dangi, ya fara zuwa yana zama a zaure. Mutumin kirki ne, ba don motar yake yi ba. Maganarsa ita ce a kai zancen gaban alƙali, a bi abin da shari'a ta tanada game da wanda ya ɓata, matar Yaya ta san matsayinta, iyayenta sun fara aike. Babu wanda zai taka ƙafa zuwa kotu Inna ba ta ce a je ba. Ita kuwa amsarta ɗaya ce kullum.

"Malam, a ƙara haƙuri. Yana hanya."

Ni a tsakiya nake. Ina tausayin matar Yaya har cikin raina, yarinya ce, ina ganin ƙuruciyarta tana tsiyayewa a bakin murhu. Kuma duk ranar da Baffa ya zo, ji nake kamar in watsa masa ruwan zafi. Idan Inna ta ce a je, shi ke nan, mun binne shi da bakinmu.

Ana haka sai Iya ta zo daga Darki. Ƙawar Inna ce tun suna 'yan mata, tsohuwa mai goro a baki da magana kai-tsaye. Ta kwana biyu tana kallon gidan, sannan ta ce wa Inna, a gabana:

"Ke kin yi masa kiranye kuwa?"

Inna ta ce malamai sun yi.

"Ba na malamai ba. Naki. A wurinmu, ɗa in ya bi uwa duniya, uwarsa ce take durƙusawa a kan turmin da ta ciyar da shi, da sassafe kafin ta yi wa kowa magana, ta saka fuskarta a ciki ta kira shi. In yana numfashi, ko a bayan teku yake, zuciyarsa ba za ta zauna ba sai ya taho."

Na buɗe baki zan ce camfi ne, na san abin da malamin Islamiyyarmu zai ce. Sai na ga idon Inna, na haɗiye maganata.

Iya ta ƙara da cewa, "Amma da sunansa na yanka. Ba wannan yaron ba, ba mutumin nan ba. Sunan da aka raɗa masa."

Nan ne Inna ta sunkuyar da kai. Ɗan fari ne. Tunda aka yanka ragon sunansa, sunan bai taɓa fita daga bakinta ba. Ko mai irin sunan ne a unguwa, sai ta ce "mai sunan yayanku". Lokacin da 'yan sanda suka zo ɗaukar bayani bayan ɓatansa, aka tambaye ta sunan ɗanta, shiru ta yi har sai da na amsa. Yanzu ba kowa yake wannan kunyar ba, amma su Inna da ita aka gina su.

Da yamma na yaye tamfol, na buɗe but. Ƙamshin turaren motarsa yana nan, ya gauraya da warin ƙura. Ni da matar Yaya muka kwance wayoyin, muka sauko da turmin da ƙyar, muka mirgina shi tsakar gida muka tsayar. Na kwance sifikar, na bar falankin bakin, rami a tsakiyarsa daidai faɗin fuska. Iya ta zagaya shi tana dubawa, ta ga bututun.

"La'ilaha! Wa ya huda shi?"

"Shi."

"To ai ya ɓata. Turmin da ya huje ba ya riƙe kira. A samo tsumma da laka a toshe."

Ban yi niyyar saka baki ba, ni da ban yarda da abin ba tun farko. Sai na ji bakina yana cewa, "Kada a toshe."

"Ke kuma me kika sani?"

"Iya, ni ban san kiranye ba, amma na san turmin nan. Mai shi ya ce rufaffe a wuri ɗaya yake tsayar da sauti. Ƙofar ce take kai shi nesa. Tun daga gada muke jin sa saboda wannan bututun. In riƙe kiran ake so, a toshe. In so ake ya je inda yake, a bari."

Iya ta ce tun kakanni ba a taɓa kira a hujajjen turmi ba, kira taruwa yake yi a ciki ya yi nauyi, in ya zube ya zube ke nan, kuma ba a yin sa sau biyu. Na ce ni dai abin da ya faɗa mini na faɗa. Murya ta fara tashi, ni da bakina ba ya mutuwa, ita ma ba kanwar lasa ba. Inna tana jin mu. Can ta ce:

"A bar shi yadda ya bar shi."

Safiyar farko ta fito bayan salla, gari ya fara haske. Ni ina rumfa a bayan keke, na yi kamar ba na nan. Ta durƙusa, ta dafa bakin turmin da hannu biyu, ta sunkuya. Ina ganin bayanta yana hawa yana sauka. Har rana ta fito ba ta ce komai ba. Ta miƙe ta koma ɗaki. Washegari ma haka. Iya ta koma Darki tana cewa ita ta gama nata. Na rasa wanda zan ji haushi. Wata safiya har na kusa cewa, haba Inna, suna ne fa, harafi nawa ne? Allah ya taimake ni ban faɗa ba.

Ban san me ya bambanta ranar da ta yi ba. An yi yayyafi, ƙasa a jiƙe. Ta durƙusa kamar kullum, amma wannan karon ta jawo mayafinta ta rufe kanta da bakin turmin gaba ɗaya, ta danne gefe da gefe da hannuwanta. Ina jin don kada kowa ya ji ne, har ita kanta.

Sai ta kira.

Muryar Inna siririya ce, ta tsufa, tana rawa. Ba ita na ji ba. Mayafin da fuskarta sun toshe sama, kaurin ƙirya ya shanye duk abin da yake siriri a muryar. Abin da ya fito ta bututun nan, can ƙasa kusa da gwiwarta, murya ce mai kauri, ta namiji, babu harafi a ciki, sai "mmm" mai tsawo. Na ga ƙurar da take bakin bututun ta motsa. Irin amsar da Yaya yake yi ce idan yana aiki an kira shi bai ɗago ba.

Ƙofar ɓangaren gabas ta buɗe da ƙarfi, matar Yaya ta fito a guje babu ɗankwali, ta nufi zaure. Ta kai tsakiyar gida ta ga Inna a durƙushe, ta tsaya, ta toshe bakinta da hannu.

Inna ta sake kira. Turmin ya sake amsawa. Ta kira na uku, ta daɗe a ciki bayan amon ya mutu. Da ta yaye mayafin, fuskarta a bushe take, babu hawaye ko ɗigo. Ta zauna a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa, ta miƙe ƙafafu.

Na ƙarasa wurinta. Na san abin da ya faru, wallahi na sani dalla-dalla, da hannuna na riƙe bututun nan ana yanka shi.

"Inna, turmin ne. Haka yake yi. Siririn yake haɗiyewa ya fito da mai kaurin, don haka aka yi masa..."

"Na fi ki sanin muryar turmina."

"To ai ya amsa ke nan. Iya ta ce in ya ji zai taho."

Ta girgiza kai a hankali. "Ya amsa. Na san amsarsa in zai taso, na san amsarsa in ba zai taso ba. Ni na haife shi."

Na yi ta magana, na kawo zancen akwati mai kusurwa, na kawo na tulu, ina ta zuba kamar mahaukaciya, wai ina nuna mata kowane rami da irin muryarsa, da an toshe da wani abin daban za ta ji. Ba ta katse ni ba. Da na gaji na yi shiru, ta ce in taimaka mata ta tashi, ƙafarta ta yi sanyi.

Har yau ina juya wannan a raina. Da an bi maganar Iya an cusa tsumma, da muryarta ce kawai za ta dawo mata a kunne, ta tashi ta ci gaba da jira. Ko hakan ya fi, ko bai fi ba, ban sani ba. Wani lokaci ina cewa iska ce da itace. Wani lokaci kuma, ina cikin ɗinki, sai in tuna ni ma a wurin nake, kuma kafin hankalina ya kawo mini bayani, sai da na juya na dubi zaure.

A ranar, da hantsi, Inna ta aika a kira Baffa. Ya zo da sandarsa, aka shimfiɗa masa tabarma a rumfa, suka gaisa doguwar gaisuwa, gida, iyali, damina, gajiya. Ta sa aka kira matar Yaya ta zauna kusa da ita, ta kama hannunta ta riƙe. Ni ina tsaye a jikin ginshiƙi.

Baffa ya gyara zama, yana shirin jin a ƙara haƙuri.

Inna ta ɗago ta dube shi. A tsakar gida, rana tsaka, gaban surukarta da jikokinta, babu mayafi a fuska, ta ce, "Malam, ku je wurin alƙalin. Kuma a tara mutane a yi wa..." sai ta faɗi sunan, cikakke, a hankali, kamar mai tsoron kada ya fashe a bakinta, "...addu'a."

Carbin Baffa ya tsaya a hannunsa. Ƙaramar 'yar Yaya ce ta ɗago daga wasanta, ta dubi kakarta, ta ce, "Inna, ashe kin san sunan Babanmu?"

"Na sani," in ji Inna. "Ni na zaɓa masa."